Kwanon Silba Mai Hawa Uku

Talata: Kazaure zuwa Kano

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ina sallame salla, Malam Idi direba ya danna hon a ƙofar gida. Shekara talatin da biyu na yi ina koyarwa a makarantar 'yan mata ban taɓa makara ba, to ba ranar tafiya Makka zan fara ba. Kayana akwati ɗaya ne da jaka ɗaya. Akwatin na tufafi ne, jakar kuwa alkaki ne da dubulan da kuka da daddawa da yaji, kowanne na ƙulle shi a leda uku.

Takardata ta umara ce, amma gaskiya umarar rabin tafiyar ce, sauran rabin aike ne. Ƙanena Sani ya haura shekara talatin a Amirka, can ya yi aure, can ya haifi 'ya'yansa. Babbarsu Hafsa ta auri wani Ba'indiye Musulmi da suka yi jami'a tare, injiniya ne, sunansa Shafik. Bara ya sami aiki a Makka suka tare a wani bene da duk mazaunansa Indiyawa ne 'yan yankinsu. Yanzu cikinta wata bakwai, kuma ba ta kiran ubanta ta ajiye waya ba ta yi kuka ba.

"Yaya, ki je ki gani da idonki," in ji Sani a waya. "Na saya mata tikiti, rana ɗaya da dawowarki. In kin ga ba ta da kowa, ki sa ta a jirgi da hannunki. In ta wuce wannan makon ba za su ɗauke ta ba, cikin ya tsufa."

"In ta koma fa, auren ya zai kasance?"

Ya ce, "Wannan sai yadda Allah ya yi."

Shinge biyu muka wuce kafin Kano. A na biyun ɗan sandan ya leƙo, ya ga farin hijabi da jakar fasfo a wuyana, ya ce in sa shi a addu'a. Na ce zan sa shi, shi da masu bin hanyar nan. Bakwai saura kwata muka isa filin jirgi, kilomita tamanin ko kusa da haka. Mai duba kaya ya buɗe jakata ya ja da baya.

"Hajiya, wannan warin fa?"

"Ƙamshi dai, ɗana. Da shi aka yaye ka."

Ya yi dariya ya zuge jakar. Goma da kwata jirgi ya ɗaga.

Jidda zuwa Misfala

Awa huɗu da rabi muka yi a sama. Da aka sanar da miƙati na ɗaura niyya tare da matan ayarinmu. Agogon Saudiyya ya fi namu da awa biyu, don haka biyar saura kwata na yamma muka sauka, sai bayan shida muka shiga bas. Direbanmu baƙi ne kamar ni, dattijo mai furfura. Na gaishe shi da Hausa, ya juyo da fara'a.

"Hausa shuwayya-shuwayya, kaɗan-kaɗan, Hajiya. Babana Bakano, ni haihuwar nan."

"Ka taɓa zuwa Kanon?"

"Abadan. Amma ina cin tuwo."

Na ce to ya ci rabin jarrabawa. Muka wuce shingen da ake tantance masu shiga Makka, ba su tsayar da mu ba. Takwas daidai muka sauka a masaukinmu a unguwar Misfala, hawa na takwas, gado huɗu a ɗaki, tafiyar minti ashirin zuwa Harami. Na sayi shinkafa da kaza riyal goma sha biyar, na ci rabi, barci ya kwashe ni.

Laraba: Harami da Utaibiyya

Bayan asuba muka yi umara. Wanda bai ga Ka'aba da sanyin safiya ba, ba ni da bakin kwatanta masa, kuka kawai na yi. Amma tunda gaskiya na ɗauko, bari in faɗa: a zagaye na biyar na kama kaina ina shirya faɗan da zan yi wa Indiyawan nan da suka mayar mini da 'ya marainiya. Na yi istigfari, na ci gaba.

Ƙarfe huɗu Shafik ya zo ɗaukata. Siriri ne mai tabarau, ya rusuna ya ce "Gwaggo, sannu da zuwa," da alama ya kwana yana haddace ta. Minti ashirin da biyar muka yi zuwa unguwarsu Utaibiyya, lunguna matsattsu, motoci a jere har bakin ƙofofi. Benen hawa biyar ne, ba lif. Tun daga ƙasa ƙamshin man kwakwa da soyayyen kifi ya tare ni. Kowace ƙofa a sakaye take, takalma tuli a gabanta, mata na ƙwala wa juna kira daga hawa zuwa hawa da wani yare mai gudu kamar keken ɗinki. Na yi wa wasu biyu sallama a matakala, suka amsa da sakin fuska. Da suka ga ƙofar da muka nufa, sai hirar ta mutu.

Ƙofar Hafsa ce kaɗai a kulle a duk benen. A jikinta an manna wata takarda da Turanci, wai don Allah a turo saƙo kafin a ƙwanƙwasa, saboda tana yi wa wani kamfani na Amirka aiki ta kwamfuta.

Rabona da ita tun tana 'yar shekara goma sha biyu. Ta rame a fuska, ƙafafu sun kumbura. Ta rungume ni ta ƙi saki. Hausarta a karye take, ni kuma Turancina na aji ne, muka haɗa biyun muka fahimci juna.

"Da muka zo, Gwaggo, kullum suna kawo abinci. Sai suka fara raguwa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ko gaisuwa da ƙyar. Wuni nake ban yi magana da ɗan Adam ba sai Shafik ya dawo."

"Kin yi faɗa da wata?"

"Ko ɗaya. Na san dalili." Ta shafa fatar hannunta, ta ɗago ta dube ni.

Wallahi sai da na ji zuciyata ta yi zafi. Shafik ya ce ya tambayi mazan a masallaci, sun ce babu komai. Na ce a raina, su maza yaushe suka taɓa sanin abin da ke gudana a matakala? Daga ranar na bar gadona na Misfala na tare wurinta, na kuma yanke a zuci cewa da ita zan tafi Jidda.

Alhamis: Kicin

Da hantsi na shiga kicin zan kaɗa mata miyar kuka. A kan firji na ga wani kwanon silba mai hawa uku, irin mai mariƙin nan da ake ɗaure shi, an wanke shi yana sheƙi, da wani ɗan kati a soke a jikin mariƙin.

"Wannan na waye?"

"Na Umma Nafisa ne, tsohuwar hawa na huɗu. Ita ce ta ƙarshe da ta daina. Wata shida ke nan, na kasa hawa in mayar."

"Da can da me kike mayar musu?"

"In wanke tas, in goge, in rubuta katin godiya in sa."

"Cikin kwanon fa?"

"Ciki? Ba komai, Gwaggo. A wanke."

Sai da na nemi kujera na zauna. Muna cikin haka na ji ana share matakala ana 'yar waƙa da Hausa. Na leƙa, na ga wata tsohuwa baƙa da tsintsiya. Inna Kulu sunanta, 'yar Ringim, ta zo aikin Hajji tun tana da ƙuruciya ba ta koma ba. A unguwar Nakkasa take zaune kafin a rushe layinsu, yanzu tana sharar benaye uku. Na jawo ta ciki na nuna mata kwanon.

"Aib ne, Hajiya, aib kabir," in ji ta. "Su Hindiyawan nan ko sukari cokali ɗaya ne sai sun zuba. In kika mayar da kwano fayau, ya'ani kin ce halas, kar a ƙara. Na so in faɗa mata, to ƙofa a kulle, ga takarda. Ni kuma shugul na zo, aikin shara, ba ni da igama, takardar zama, ba na son yawan magana."

Kunya ta kama ni har tafin ƙafa. Wannan ai ba al'adar Indiya kaɗai ba ce, tamu ce. A Kazaure kwanon maƙwabta ba ya fita gidanmu hakanan, ko gishiri ne, ko ashana, ko ɓarin goro, sai mahaifiyarmu ta jefa. Na zo da faɗa cike da baki, ashe gidanmu ne ya aiko 'ya duniya ba a gama yi mata guzuri ba. Na kira Sani ban ko duba ƙarfe nawa ne a wurinsu ba.

"Ka koya mata lissafi, ka koya mata tuƙin mota, ba ka koya mata kwano ba?"

"Wane kwano kuma, Yaya?"

Na kashe wayar, don in na ci gaba zan faɗi abin da bai dace da mai umara ba.

Hawan ƙasa na kwanon na cika da alkaki, na tsakiya da dubulan. Na sama na ce lalle sai abin hannun Hafsa. Ta yi ta tunani, can ta gasa wani burodin ayaba irin nasu na Amirka, ta yanka ta jera. Ta ɗauko katin za ta soke, na karɓe. Bayan la'asar ta ɗauki kwanon, ina biye da ita, matakala goma sha takwas tana hutawa.

Umma Nafisa gajeriya ce, farin mayafi, kunnuwa jere da 'yan kunnen zinariya. Ta dubi Hafsa, ta dubi cikin, ta karɓi kwanon. Na ga ta ɗan ɗaga shi ta ji nauyinsa. Ta koma ciki ta tura ƙofa.

Juma'a da Asabar

Juma'a na tafi Harami tun tara na safe don in sami inuwa. Na dawo ƙarfe uku, tun daga ƙofa nake tambaya ko an zo. Ba a zo ba. Asabar da safe ma shiru. Hafsa ta janyo akwati daga ƙarƙashin gado. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Shafik: ya zauna a ƙasa yana ninke 'yan rigunan jaririn da ya saya da kansa, yana miƙa mata ɗaya-ɗaya tana sawa, bai ce ta zauna ba, bai ce ta tafi ba. Na shiga kicin na yi kamar albasa nake yankawa. Na fara zargin kaina, wataƙila yarinyar nan ta fi ni gaskiya, ni ce tsohuwar da ke ganin kowace cuta maganinta na Kazaure.

Ƙarfe goma sha ɗaya Inna Kulu ta zo shara. Ta kira ni bakin ƙofa da hannu.

"Hajiya, jiya fa ina nan imarar, benen nan. Sau biyu Umma ta sauko da kwano da zafinsa. Ta tsaya gaban takardar nan, ta tsaya, ta koma sama."

"Ta iya karatun Turanci ne?"

"Ina! Ɗanta ya karanta mata tun tuni. Ita kuma ba ta da jawwal, wayar hannu, da me za ta turo saƙon?"

Na maimaita wa Hafsa. Ta fito ta tsaya gaban ƙofarta tana kallon takardar kamar wani ne ya manna. Ta sa farce ta ɓamɓare ta, ta buɗe ƙofar, ta tokare ta da silifas ɗin Shafik.

Ba a yi azahar ba muka ji takun tsohuwa a matakala. Umma Nafisa ta yi sallama ɗaya ta shigo, ba ta jira an ce bismilla ba. Ta zarce kicin ta dire kwanon, ta buɗe tukwanenmu ɗaya-ɗaya, ta shinshina miyar kuka ta yamutsa fuska, ta buɗe firji ta girgiza kai. Na ga Hafsa ta sandare, bakinta na shirin yin Amirkanci, na mintsine ta. Sai tsohuwar ta nuna mata kujera, ta zauna a ƙasa, ta ɗora ƙafar Hafsa mai kumburi a cinyarta, ta zaro kwalbar mai daga ƙugunta ta hau murzawa tana faɗa. Inna Kulu na juya mana daga Larabcin kasuwa zuwa Hausa.

"Ta ce sau shida tana aikowa, sau biyar kwano na komawa ba komai sai takarda, na shidan ma bai koma ba. Ta ce wa ke cin takarda? Ta ce ita ta ɗauka 'yar Amirka ce, ƙyamar abincinsu take."

"Ki ce mata ni kuma na ɗauka baƙina suke gudu," in ji Hafsa, hawaye na zuba.

Da aka faɗa mata, Umma ta kama hannun Hafsa ta kara da nata. Kusan kala ɗaya. Ta yi wani tsaki da ba ya buƙatar tafinta. A kwanon akwai miyar kifi mai kwakwa, da wata faffaɗar wainar shinkafa, da soyayyiyar ayaba. Yajin sai da ya sa ni, Bakazauriya, neman ruwa.

Lahadi zuwa Laraba

Na ce sai na rama da masa, na jiƙa shinkafa, sannan na tuna ba ni da tanda. Na kwatanta wa Umma da hannu, ramuka-ramuka. Ta hau sama ta sauko da wani baƙin kaskon ƙarfe mai rami bakwai, na kakarta. Tanda ce sak, sai dai ramukan ƙanana. Ashe su ma suna toya irin tasu. Muka yi ta gardama ba tafinta a kan wa ya koya wa wani, kowa da yarenta, kuma na tabbata ni na yi nasara.

Litinin Hafsa ta kai masar da muka toya gida shida da ƙafarta. Biyar suka dawo da kwano a cike, ɗaya ma da matar gidan da 'ya'yanta uku, suka baje a falo har magariba. Na shidan, wata ta hawa na biyu, ta miƙo kwano fayau ta rufe ƙofa. Ban ce duk benen waliyyai ne ba, kuma ban ce zaton Hafsa ƙarya ne gaba ɗaya ba. Ita ma ba a kwana uku ta zama Ba'indiya ba: Talata da rana ta shige ɗaki ta toshe kunne ta ce hayaniya za ta fasa mata kai. Suka daidaita da Umma cewa in ta rataya jan ɗankwali a mariƙin ƙofa, aiki take, a dawo an jima.

A ranar ne Umma ta ɗaga yatsu tana lissafa mini: kwana arba'in, ruwan zafi, mai, ba fita, ba ɗaga abu mai nauyi. Na ce ai wankan jego ke nan, mu ma haka muke. Ta dafa ƙirjinta, ta nuna Hafsa, wato ita za ta yi. Na bar mata kanwa da bayanin kunu, ta karɓa da fuskar wadda ba ta da niyyar damawa.

Laraba da yamma Sani ya kira. Akwatin na nan a buɗe a tsakar ɗaki, ban taɓa shi ba, ban kuma ce wa Hafsa komai a kansa ba.

"Yaya, gobe ne fa. Me kika gani?"

"Ban ce ta daina kuka ba. Ga ta, tambaye ta."

Hafsa ta karɓa. Ta daɗe tana saurare, Shafik na tsaye bakin ƙofa da tabarau a hannu. Can ta ce da Hausarta mai ɗingishi, "Baba, ba zan iya tafiya ba. Kwanukan mutane huɗu ne a kicin ɗina, ban zuba komai ba tukuna."

Shafik ya durƙusa ya fara fito da 'yan rigunan nan ɗaya-ɗaya.

Alhamis: Komawa gida

Na yi ɗawafin bankwana da asuba, wannan karon ba faɗan kowa a raina. Na sa ɗan sandan nan a addu'a kamar yadda na alkawarta. Ƙarfe bakwai na koma Utaibiyya ɗaukar akwatina. A matakala Umma Nafisa ta tare ni, ta danƙa mini kwanon silbar nan mai hawa uku, a ɗaure, da nauyinsa. Busassun abubuwa ta zuba don kar a hana ni shiga jirgi da su: soyayyiyar ayaba, da wani cincin mai yaji, da alewar kwakwa. Na ce ta juye mini a leda, kwanon ai nata ne. Ta tura mini shi a ƙirji ta yi wata magana.

"Ta ce kin san hanya," in ji Inna Kulu.

Takwas da rabi bas ɗinmu ta bar Misfala, goma muna Jidda. Ɗaya da rabi jirgi ya tashi, huɗu na yamma agogon gida muka sauka Kano. Malam Idi na jirana. Ya ɗauki akwati, ya miƙo hannu zai karɓi kwanon, na ce wannan a cinyata zai zauna. Ana kiran magariba muka shiga Kazaure.

Na gode wa Allah da ya kai ni ɗakinsa ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Shafik da haƙurinsa, da Inna Kulu wadda ba don ita ba da na sa yarinya a jirgi da hannuna, Allah ya rufa mata asiri a ƙasar da ta tsufa a cikinta ba takarda. Sani ma na gode masa, ko da yake har yanzu da sauran faɗana a kansa.

Na raba wa maƙwabta tsarabar, kowane faranti ya dawo da ɗan abu a ciki. Kwanon Umma na wanke shi na ɗora a kan kabad, inda nake ganinsa daga kan sallaya. Saura wata biyu Hafsa ta sauka. Na riga na aika wa mai alkaki, na kuma sa an fitar mini da akwati.